Agogon hannu na auna sukari da gaske?

Tambaya: Salamu alaikum Malam, don Allah ina cikin damuwa. Babanmu shekara 6 ke nan yana fama da ciwon sukari, sai yayana ya sayo mishi agogon hannu jikka 15 mai nuna bugun zuciya da tansiyo da sukari duka. Tun ranar ya aje na'urar tsire yatsa, maganin ma ya rage tunda kullum agogon lafiya lau yake nuna mishi. Amma ni ina ganin shan ruwanshi ya yi yawa, da dare fitsari ba iyaka, ga rama. In na yi magana sai ya ce zamani ne ya ci gaba. Da gaske agogon na iya wannan aiki? Ƙanwarku daga Maradi.

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanwata. A'a, ba ya iyawa, kuma abin da kika lissafa alamun sukari ne ya hau, don haka gobe da safe ku kai Baba likita tun bai karya ba a tsire shi a auna.

Maganar ci gaba kam Baba bai yi ƙarya ba. Mu da muka fara aikin salula tun zamanin Nokia 3310 mun ga yadda abu ya tashi daga kira da saƙo, iPhone ta fito 2007, iPad 2010, yau ɗan kabu-kabu ma da Tecno ko Itel a aljihu yana kallon bidiyo. Apple Watch ya shigo kasuwa 2015, a 2018 suka sa mishi awon lantarkin zuciya. Duk wannan gaskiya ne, kuma shi ya sa mutane ke yarda da duk abin da aka rubuta jikin kwali.

To amma juya agogon ki duba bayanshi, za ki ga wata koriyar fitila tana ƙyaftawa. Aikinta guda ne, tana haska fata, jini yana shanye koren haske, duk bugawar zuciya jinin ya ƙaru hasken da ke dawowa ya ragu, da haka agogo ke ƙirga bugu. Ina sukari ya shigo a nan? Babu. Kamfanonin Apple da Samsung da duk kuɗinsu da injiniyoyinsu agogonsu ba ya auna sukari da kanshi, sai kuma wani agogon jikka 15 da ko sunan kamfani na kirki babu shi ne zai iya? A watan Fabrairu 2024 hukumar FDA ta Amurka mai kula da magunguna da na'urorin lafiya ta fito ta gargaɗi mutane, ta ce ba ta amince da wani agogo ko zobe da ke cewa yana auna sukari ba tare da huda fata ba. Lambar da Baba ke gani an shirya ta ne ta riƙa yawo inda mai lafiya yake, don mai saye ya ji daɗi. Ni da hannuna na sha ɗaura irinsu a ƙafar kujera gaban mai shi ya danna, su ba da bugun zuciya da sukari na kujera. Ki gwada wannan gaban Baba cikin ladabi, ko kuma ya auna da agogon kafin ya sha fura mai sukari da bayan awa guda, sannan ya gwada da na'urar yatsa, ido zai raba gardama.

Abin da ke ƙona min rai shi ne masu tallar nan na WhatsApp da TikTok da ƴan tebur a kasuwa, mutum bai san bambancin awon sukari 0,90 na mai lafiya da 3 giram na wanda sukarinshi ya hau sosai ba amma yana rantsuwa wai "an daina allura". Kusan kullum sai wani dattijo ya kawo min irin agogon nan in saita mishi, in na ce ba ya aiki ya ce baƙin ciki nake. Ciwon sukari ba ya ihu, a hankali yake cin ido da ƙoda da jijiyoyin ƙafa, mutum na murna da lambar ƙarya har ƙaramin gyambo ya kai ga yanke ƙafa. Wanda ke yin allurar insulin kuwa nashi ya fi muni, in ya bi lambar agogo ya yi allura sukarin ya faɗi ƙasa da 0,70 yana iya kai shi ga suma. Ku ji tsoron Allah ƴan kasuwa, ribar jikka biyu ko uku ba ta kai ran uban wani ba.

Akwai na'urori na gaskiya da ke aika awon sukari cikin waya, irin FreeStyle Libre da Dexcom, amma su ma wani ɗan siririn zare ne ke shiga ƙarƙashin fata a damtse, na Libre kwana 14 ake canza shi, kuma da tsada. Tansiyon agogon Baba ma kar a bi, a auna da na ɗaurawa a damtse.

Agogon ya ci gaba da ɗaurawa in yana so, ya duba lokaci ya ƙirga taku. Maganin kuma kar ku mayar mishi da kanku, ku tafi da kwalayen ku faɗa ma likita tun yaushe ya rage. In kuwa kafin safe ya fara amai ko barci mai nauyi ko maganarshi ta rikice, kar ku jira gari ya waye.