Sha'awa da Mota: Likita Ya Amsa Tambayoyinku

Wasiƙu uku suka zo mini kan abin da mutane ke jin nauyin furtawa. Na ɓoye sunayen masu su kamar yadda suka roƙa.

Tambaya: Likita, ni direban haya ne, ina lodi daga Gumel zuwa Maigatari ranar kasuwa. Da na hau hanya mai gargada sai gabana ya miƙe, alhali ban kawo komai a raina ba. Ciwo ne?

Amsa: Malam, kwantar da hankalinka. Akwai miƙewar da ke farawa daga tunani, akwai kuma wadda jijiyoyin ƙasan laka ke tayarwa da kansu idan wurin ya sami motsi ko ɗumi. Jijjigar kujera ce ke taɓa su. Amma in ya kai awa 4 bai kwanta ba, kuma yana ciwo, ka tafi asibiti nan take, musamman in kana da sikila, don jinin da ya maƙale yana lalata naman wurin.

Tambaya: Likita, daga wani ƙauye kusa da Ɗambatta nake. Tun da maigidana ya sayi mota, bayan isha'i sai ya je ya zauna a ciki shi kaɗai yana shafa ta. Da na matsa masa, ya ce ƙamshin kujerun da ƙarar injin ne ke tayar masa da sha'awa. Ni kuwa sai ya yi wata bai neme ni ba. Surukata ta ce aljana ce ta aure shi.

Amsa: 'Yar'uwa, na ji zafin da ke cikin wasiƙarki, kuma na yaba miki da ba ki kai maganar bakin rijiya ba. Likitocin ƙwaƙwalwa sun san wannan hali, wato sha'awar mutum ta rataya a kan abu marar rai, kamar takalmi ko tufafi ko inji. An fi ganinsa a maza, kuma yawanci tushensa na komawa lokacin balaga. Ɗaya daga cikin bayanan da ake yi shi ne sabo: in ƙwaƙwalwa ta sha haɗuwa da wani ƙamshi ko sauti a daidai lokacin da sha'awa ta motsa, sai ta ɗaure su wuri guda. A 1966 wani masani mai suna Rachman ya gwada haka a Landan. Ya riƙa nuna wa wasu maza hoton dogon takalmin mata tare da hotuna masu tayar da sha'awa, har ta kai takalmin kaɗai yana motsa su.

Littafin da ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Amurka ta fitar a 2013 ya bambanta abu biyu. Samun irin wannan sha'awa daban, zamanta cuta daban. Tana zama cuta idan ta dami mai ita, ko ta ɓata masa zama da mutane, ko ta cutar da wani. Naku ya kai nan, tunda haƙƙinki na aure ya tauye.

Sai dai akwai abin da nake so a fara dubawa. Namiji da yawa in ƙarfinsa ya ragu, saboda ciwon suga ko hawan jini ko damuwa, yakan guje wa matarsa don tsoron kunya, ya fake inda ba mai ganin gazawarsa. Don haka a auna masa suga da jini tukuna. Daga nan ku nemi likitan ƙwaƙwalwa a Asibitin Malam Aminu Kano ko na Dawanau. Zuwa can ba ya nufin hauka. Magani mafi yawa zama ne na tattaunawa, wani lokaci tare da ke, ana warware sabon a hankali. Ku ci gaba da addu'a, amma kada a kai shi inda za a ɗaure shi ko a dake shi. Kuma kada ki gorantar masa. Mutumin da ya iya faɗa miki wannan sirri yana neman mafita ne.

Tambaya: Likita, ɗan acaba ne ni a Ringim, shekarata 22. In na murɗa totur ina jin daɗi kamar na sha'awa, har ba na son sassautawa.

Amsa: Ɗana, gudu na sa jiki ya saki sinadarin adirenalin, zuciya ta buga da sauri, numfashi ya ƙaru. Alamomin nan sun yi kama da na sha'awa, shi ya sa ƙwaƙwalwa kan rikita su. A 1974 an yi gwaji a Kanada: mazan da wata budurwa ta tare a kan doguwar gada mai lilo sun fi kiran ta a waya daga baya, fiye da waɗanda ta tare a kan gajeriyar gada mai ƙarfi. Daɗin da kake ji bai dame ni ba, ƙin sassautawar ne ya tayar mini da hankali, don a bayanka akwai uwar wani ko ɗan wani. In kana shan taramol, shi ne farkon abin da za ka faɗa wa likita, kuma kada ka yanke shi rana ɗaya ba tare da an duba ka ba. Ka sa hular kwano, ka nemi ƙwallo ko kokawa da yamma, su ma suna ba jiki wannan zafin.