Amsa kan ƙaramar mota mai turbo da tseren dare a titi

Wa alaikumus salam, ƙanina. Ka tambayi wace ƙaramar mota mai turbo, mai sauƙin kuɗi, za ka saya wadda za ta bar abokanka a baya idan kun fita tseren dare a titi, sannan ko ya dace ka kai a taɓa mata kwamfuta a ƙara mata ƙarfi. Na daɗe ina hawa irin waɗannan motoci, ina kuma kwance su ina ɗaurawa, don haka zan ba ka amsar mota tsakani da Allah. Amma maganar titi ba zan goya maka baya ba, kuma zan faɗa maka dalili da lissafi.

Motocin da ake nufi ba ɓoyayyu ba ne. Golf GTI ta biyar, wato zubi na biyar na wannan mota, wadda ta fito a ƙarshen 2004, tana da inji mai lita 2.0 da ƙarfin doki 200. Fiesta ST ta 2013 lita 1.6 ce, ƙarfin doki 182, amma ba ta kai kilo 1,200 ba. Focus ST ta 2012 tana ba da 250. Mazda 3 MPS, wadda Amurkawa ke kira Mazdaspeed3, lita 2.3 ce da ƙarfin doki wajen 260. A Amurka akwai tsohuwar Dodge Neon SRT-4 da aka yi daga 2003 zuwa 2005, wadda ta yi suna saboda araha da gudu. Dukansu suna tashi daga tsaye zuwa kilomita 100 a awa cikin wajen daƙiƙa 6 zuwa 7 da ɗoriya. Ka lura da wannan: tazarar da ke tsakaninsu a takarda ƙarama ce ƙwarai, ba ta kai tazarar da ke tsakanin mota mai lafiya da wadda aka wahalar ba. GTI da aka kula da ita za ta wuce MPS da ke shan baƙin mai tana tari, ko da takarda ta ce ba haka ba.

Idan ni ne, kuma mota ɗaya zan riƙe don aiki da nishaɗi, GTI zan ɗauka, saboda kayanta suna samuwa kuma makanikai da yawa sun san injinta. Idan daɗin tuƙi kawai nake nema, Fiesta ST ce, saboda rashin nauyi yana taimakon mota wajen tashi da kwana da birki gaba ɗaya, alhali ƙarfin inji wajen tashi kaɗai yake taimako. GTI ta farko ta 1976 ƙarfin doki 110 kawai gare ta, babu turbo, amma nauyinta kilo 800 da 'yan kai ne, shi ya sa har yau masu mota ke yabonta.

Yanzu ga inda mafi yawan samari ke ruɗewa. Turbo ba komai ba ne illa fanka biyu a kan sanda ɗaya. Hayaƙin da ke fita daga inji yana juya ɗaya, ɗayar kuma tana danna iska cikin inji da ƙarfi. Iska ta yi yawa, a ƙara fetur, ƙarfi ya ƙaru. Sandar nan tana juyawa fiye da sau 150,000 a minti ɗaya, kuma baƙin mai ne kaɗai ke tsakaninta da ƙonewa. Matsalar ita ce duk iskar da aka matse sai ta yi zafi, iska mai zafi kuma ba ta da kauri, sannan tana sa fetur ya kama da wuta kafin lokacinsa. Don haka aka sa intakula, wato ɗan lagireton da ke sanyaya iskar kafin ta shiga. A motoci masu araha intakular ƙarama ce, an auna ta ne don mutum ya taka totur ya wuce babbar mota ya saki. Ba a auna ta don a taka sau biyar a jere ba. Ja na farko motar za ta ba ka duk abin da take da shi. Na biyu ta ɗan rage. Kafin na huɗu intakular ta jiƙe da zafi, kwamfutar ta ji alamar ƙwanƙwasa a cikin silinda, ta ja lokacin tartsatsin fulogi baya, ta rage iskar turbo don ta ceci fistin. Kai kana zaune kana cewa motar ta yi sanyi, alhali kanta take karewa. Mazda 3 MPS ma intakularta a saman inji take, inda zafi ke taruwa da zarar an tsaya a danja.

Fetur ma haka. Waɗannan injina an yi su ne don mai mai yawan oktan, wato lambar da ke nuna juriyar fetur ga kamawa da wuta kafin lokaci, 95 zuwa 98 a ma'aunin Turai. Idan ka zuba wanda bai kai ba, motar da ba a taɓa ba za ta lallaɓa, ta rage ƙarfi ta zauna lafiya. Wadda aka taɓa wa kwamfuta kuwa an riga an cinye mata wannan sararin.

Wannan ya kawo mu tambayarka ta biyu. Gaskiya ne, sauya lissafin kwamfuta shi ne hanya mafi araha ta samun ƙarfi a injin turbo. Injin lita 2.0 na GTI ta biyar yakan tashi daga 200 zuwa wajen 240 ko 250 ba tare da an kwance ko ƙusa ɗaya ba. Sai dai ƙarfin murɗawar da ya ƙaru yana bi ta kuloci, ya bi ta giya, ya sauka a tayoyi biyu na gaba, kuma babu ɗayansu da aka ƙara wa komai. Kulocin da ya riga ya tsufa zai fara zamewa, za ka ji inji yana ihu a giya ta huɗu motar ba ta tafiya daidai da ihun. Idan giyar DSG ce, wato giyar GTI mai sauya kanta, mai gudu shida, wadda kulocinta ke cikin mai, ana sauya mata mai duk kilomita 60,000, kuma motar da ta wuce hannu uku da wuya a ce an yi mata hakan a kan kari. Na ga injina da dama da aka buɗe bayan an loda musu lissafin da aka sauko da shi daga intanet, wanda aka rubuta don wani fetur da wani yanayi daban: fistin ya narke a gefe, ko zoben ya karye. Shawarata ita ce kada ka taɓa kwamfuta sai motar ta yi watanni a hannunka tana lafiya, an auna matsin silinda, an sa sabbin fulogi, an tabbatar babu inda iska ke zurarewa a bututun turbo. Kuma wanda zai yi aikin ya zama yana ɗaukar bayanan injin yayin da motar ke tafiya, yana duba zafin iska da yadda kwamfutar ke ja da baya. Wanda ya ce maka minti goma ya isa, tashi ka ba shi wuri.

Akwai wani abu da ba a cika faɗa wa sababbi ba. Kada ka taka totur har ƙasa a babbar giya alhali inji yana juyawa a hankali. Ƙananan injinan turbo masu fesa mai kai tsaye cikin silinda suna da wata cuta ta kamawar wuta kafin lokaci a irin wannan hali, kuma bugu ɗaya na iya fasa fistin. Saboda ita aka fito da ma'aunin baƙin mai na API SN Plus a 2018, sannan SP a 2020. Ka duba jikin galan kafin ka saya. Idan kana son ja, ka sauko da giya.

Duk motocin nan tayar gaba ke jan su. Idan mota ta zabura, nauyinta baya yake komawa, wato tayoyin da ake buƙatar su kama ƙasa su ne ke yin sauƙi. Shi ya sa ƙarfin doki 300 a tayar gaba ba ya nufin komai daga tsaye, taya ce kawai za ta yi ta juyawa tana hayaƙi, sitiyari yana fizgar hannunka hagu da dama. Kamfanin Mazda da kansa ya rage wa MPS ƙarfi a giya ta ɗaya da ta biyu saboda wannan fizgar. Kuɗin da za ka kashe a kan tayoyi huɗu masu kyau zai fi canza motar fiye da kowane lissafi. A gefen taya akwai lambobi huɗu da ke nuna mako da shekarar da aka yi ta, misali 2319 na nufin mako na 23 a 2019. Akwai kuma harafin iyakar gudu: T kilomita 190, H 210, V 240, W 270. Tsohuwar taya ko da zanenta bai cinye ba robar ta bushe, ba ta riƙo. Man birki kuma yana shan danshi. Mai lambar DOT 4 sabo ba ya tafasa sai ya kai digiri 230, amma wanda ya sha ruwa yana iya tafasa a wajen 155, kuma ranar da ya tafasa ƙafarka za ta tafi har ƙasa babu abin da ya kama. A sauya shi duk shekara biyu.

To, ga maganar titi. A gudun kilomita 100 a awa kana cin mita 28 duk daƙiƙa ɗaya. A 160 kana cin mita 44. Mutum mai hankalinsa a jiki yana ɗaukar daƙiƙa ɗaya ko fiye kafin ƙafarsa ta isa birki, wato ka riga ka wuce tsawon motoci goma ba ka fara tsayawa ba. Nisan birki kuwa ba ya ƙaruwa daidai da gudu, ninkuwa yake yi. Ƙaramar mota mai tayoyi masu kyau a busasshiyar kwalta tana tsayawa daga 100 cikin mita 35 zuwa 40. Daga 160 sai ta ci wajen mita 100. Ka sa motoci biyu su taka birki a layi ɗaya, ɗaya tana 100 ɗaya tana 160: a daidai inda ta farko ta tsaya cik, ta biyu tana kan gudun kilomita 125 a awa. Ƙaramar fitilar mota da dare da wuya ta nuna maka abin da ya wuce mita 60 ko 70. Ma'ana, duk abin da idonka ya gani a wannan gudun ka riga ka buge shi, ko mai babur ne marar fitila, ko motar da ta lalace a gefen hanya, ko mutumin da ya fito daga aikin dare yana tsallakawa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce haɗarin mutuwar mai tafiya a ƙasa idan mota ta buge shi yana ninkuwa sau huɗu da rabi daga gudun 50 zuwa 65 kawai. Ka auna 120 da kanka.

Kai da abokanka kun yarda ku sa ranku a ciki. Wanda ke fitowa daga mararraba bai yarda da komai ba, bai ma san kuna zuwa ba. A watan Fabrairun 2016 wasu samari biyu suka yi tsere a tsakiyar birnin Balin na Jamus, suna keta jar danja da gudun da ya kai wajen 160, ɗaya ya daki motar wani dattijo mai shekara 69 ya mutu nan take. Kotu ta kama direban da laifin kisan kai, ba kuskuren tuƙi ba, aka yanke masa ɗaurin rai da rai, kuma babbar kotun ƙasar ta tabbatar da hukuncin a 2020. A 2017 Jamus ta mayar da tseren titi babban laifi, wanda zai iya kai mutum shekara goma a kurkuku idan an rasa rai. Dokar kowace ƙasa daban ce, amma gawa iri ɗaya ce a ko'ina.

Ba ina ce maka ka kashe son gudu ba ne, ni ma shi ya riƙe ni a harkar nan. Wasan tseren miƙaƙƙen layi na mita 402 da ake yi a duniya yau daga samarin titi ya samo asali. Wally Parks ya kafa ƙungiyar NHRA a Amurka a 1951 don a kwashe su daga kan hanya a kai su fili mai shinge, mai agogo, mai motar asibiti a gefe. Kuma a irin wannan fili ne kaɗai za ka san gaskiyar motarka, domin a titi wani ya riga wani tashi, wani ya tsorata ya saki totur, gobe kowa ya ce shi ya ci. Agogo ba ya jin wannan musun. Ranar farko da ka shiga fili mai kwanoni za ka ga wani da mota mai rabin ƙarfin taka yana wuce ka, saboda ya san inda zai taka birki da inda zai saki, kuma za ka ji birkinka ya fara wari tun kafin injinka ya gaji. Idan babu filin tsere kusa da ku, ku haɗu ku nemi izinin hukuma a rufaffen wuri, a jera robobi, mota ɗaya ta shiga a lokaci guda, kowa da hular kwano, a ɗauki lokaci. Gudun da ake yi a irin wannan wasa da wuya ya wuce giya ta biyu, amma yana koya wa hannu abin da shekaru na tseren dare ba za su koya masa ba.

Idan ka je duba motar, ka ce kada a tayar da ita kafin ka iso. Ka saurari injin da sanyinsa: ƙarar sarƙa ta 'yan daƙiƙu a GTI ta shida alama ce ta abin da ke ɗaure sarƙar taimin ya gaji, ita kuwa ta biyar galibi bel gare ta, sai ka nemi shaidar ranar da aka sauya shi. Bayan ta yi zafi a bar ta tana aiki a tsaye na ɗan lokaci, sannan wani ya taka totur kai kana baya kana kallon salansa. Shuɗin hayaƙi na nufin mai yana shiga inda bai kamata ba, sau da yawa ta turbo. Ka sa a jona na'urar karanta kwamfuta a ga ko an goge kurakurai kwanan nan, ka kuma tambayi mai ita kai tsaye ko an taɓa lissafinta. Ka turo mana shekarar wadda ka samu, da irin giyarta, da kilomitar da ta ci, sai in faɗa maka abin da za a fara sauyawa.