Tambaya da Amsa: Murhun Jin Ɗumi a Ɗakin Haya, Ko Ya Dace da Sanyin Kumasi?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ina zaune da iyalina a gidan haya, ciki da falo, a unguwar Aboabo nan Kumasi. Ana sa ran maiɗakina za ta sauka a tsakiyar Disamba, daidai shigowar hunturu, kuma mahaifiyarta ta riga ta iso daga Bawku domin kula da jego. Hajiya tana fama da ciwon gwiwa, sanyin asuba yana takura mata ƙwarai. Na ga irin ƙaramin murhun ƙarfen nan da Turawa suke sa wa itace a cikin ɗaki, har na yi magana da wani mai walda a Suame Magazine, ya ce zai ƙera mini shi da tsohuwar tukunyar gas. Abin da na ware bai wuce sidi 800 ba. Wane iri ya kamata in zaɓa? Daga mai karatu a Aboabo.

Amsa: Wa'alaikumus salam, ɗan'uwa. Allah ya sauki maiɗaki lafiya, ya ba Hajiya sauƙi, ya saka maka da alheri bisa wannan kulawa. Shawarata ita ce kada ka kunna wutar itace ko ta gawayi a ɗakin da jariri da maijego da tsohuwa za su kwana, kuma kuɗin nan sun fi amfani idan suka tafi ga murhun da zai tsaya a tsakar gida yana ba ku ruwan zafi cikin sauri da itace kaɗan.

Murhun da ka gani an ƙera shi ne domin ƙasashen da ruwa yake daskarewa a waje. Ana auna ƙarfinsa da kilowat, kuma ƙananan cikinsu sukan kai kilowat 4 ko 5. Lissafin da masu sayar da shi a Ingila suke bi shi ne kilowat ɗaya ga kowane mita 14 na cikin ɗaki idan an ninka tsawo sau faɗi sau bisa, wannan ma a ranar da sanyin waje ya kusa sifiri. Ɗaki irin namu na gidan haya, mai mita 3 da mita 4, ko a can ƙasar tasu kilowat 2 da ɗoriya ya ishe shi. A Kumasi kuwa, ko a tsakiyar hunturu, sanyin asuba yakan tsaya ne a wajen digiri 20, wani lokaci ya ɗan gaza haka, kuma da hantsi ya ɗaga an koma neman inuwa. Abin da yake damun jiki a watannin Disamba da Janairu shi ne bushewar iska da ƙura, leɓe ya tsage, maƙogwaro ya bushe, tsofaffi su tashi da ciwon gaɓoɓi. Murhun ƙarfe a ɗaki zai ƙara busar da iskar ne, kuma cikin rabin sa'a za ku buɗe ƙofa saboda zafi. Idan kuka danne wutar don ta yi sanyi-sanyi, a nan ne take fitar da hayaƙi da guba mafi yawa.

Wannan guba ita ce abin da na fi so ka fahimta. Duk wutar da ba ta samun isasshiyar iska tana fitar da wata iska da ake kira kabon monoksaid, wadda ba ta da launi, ba ta da wari, ba ta sa tari. Tana kama jinin mutum fiye da yadda iskar oksijin take kama shi, ninki sama da 200, saboda haka mai barci yakan ci gaba da numfashi alhali jininsa ya daina kai wa ƙwaƙwalwa abin da take bukata. Garwashin gawayi da ya yi ja, wanda babu hayaƙi a kansa kuma kowa yake ganin ya zama lafiyayye, yana fitar da ita sosai. A gidan da na tashi, wasu samari biyu sun taɓa shiga da kurfoti ɗaki a daren hunturu, suka rufe ƙofa da taga. Da aka ga ba su fito sallar asuba ba aka ɓalle ƙofar, aka ciccibo su zuwa tsakar gida, ɗaya yana amai, ɗayan idonsa a buɗe amma bai san inda yake ba. Har yau ina tuna yadda garwashin yake lumshe a ƙarƙashin toka kamar bai yi komai ba. Allah ya yi da sauran kwanansu. Jariri ya fi babba saurin numfashi, kuma ba shi da bakin da zai ce kansa yana ciwo.

Na san Hajiya za ta iya cewa a gida sun saba kwana da kaskon wuta, kuma gaskiya ta faɗa. Sai dai ɗakin da ta sani na ƙasa ne mai jinka, iska tana ratsa ciyawa ta fita ta sama, ƙofa kuma asabari ce ko zana. Ɗakinka na siminti ne, da silin, da tagar gilashi, wataƙila ma an toshe kafofin da tsumma saboda ƙura. Ka yi mata wannan bayani cikin ladabi, ko ka bar maiɗakinka ta yi mata.

To, me za ka saya? Babban aikin wuta a gidan jego shi ne dafa ruwa, safe da yamma, har kwana arba'in, ga kunun kanwa da tuwo, ga ruwan alwalar Hajiya da na gasa gwiwarta. Idan da gawayi za ku yi, nemi kurfoti mai cikin yumɓu. Wanda aka fi sani shi ne Gyapa, wanda aka fara yi a Ghana a shekarar 2002 bisa samfurin wani murhun ƙasar Kenya, sunan kuma da Tuwi yana nufin kyakkyawar wuta. Akwai kuma Toyola, wanda kamfaninsa ya samu kyautar Ashden, wadda ake bayarwa a Birtaniya kan ayyukan makamashi mai tsafta, a 2011. Sirrinsu ɗaya ne: gasasshen yumɓun da aka shimfiɗa a cikin ƙarfen yana riƙe zafi ya tura shi ƙarƙashin tukunya, maimakon ya tsere ta gefe kamar yadda yake yi a kurfotin ƙarfe zalla, kuma tsimin gawayin yakan kai kimanin kashi ɗaya cikin uku. Idan ka je kasuwa kada ka tsaya ga kyan fenti. Ƙwanƙwasa yumɓun da bayan yatsa: wanda ya gasu yana amsawa da ƙara mai zaƙi, wanda ya tsage kuwa muryarsa a dushe take. Duba ramukan ƙasa ko a buɗe suke duka, jijjiga yumɓun ka ji ko yana motsi a cikin ƙarfen, sannan ka buɗe ƙaramar ƙofar iskar ka rufe, domin da ita ake rage wuta idan ruwa ya tafasa. Tafi da awon gindin tukunyar wankan, ka ɗauki babba, don ƙaramin kurfoti a ƙarƙashin katuwar tukunya haɗari ne a gidan da yara suke guje-guje.

Idan kuwa itace ya fi maka sauƙi, ga aikin da ya dace ka ba mai waldar nan. Ya ƙera maka murhun da ake kira roket, wanda wani Ba'amurke mai suna Larry Winiarski ya tsara a farkon shekarun 1980. Bututu ne mai lanƙwasa kamar gwiwar hannu: ana zura siraran itace ta bakin da yake kwance, a kan ɗan faranti da iska take bi ta ƙarƙashinsa, wuta kuma ta miƙe ta bakin da yake tsaye zuwa gindin tukunya. Ana kewaye bututun da gwangwani a cika tsakaninsu da toka, ita ce take tsare zafin. Kan itacen kaɗai ne yake ci, ana tura shi a hankali, hayaƙin kuma yana ƙonewa kafin ya fita. Ko da tubalin ƙasa gasasshe kamar 20 ana iya jera shi a kusurwar tsakar gida ba tare da siminti ba. Ƙara masa zoben ƙarfe da zai kewaye tukunya da tazarar kaurin yatsa, za ka ga yadda ruwa yake saurin tafasa.

Daga wannan wuta ta waje ne ɗumi zai shiga ɗaki. Sayi babban fulas a cika shi da dare, Hajiya ta samu ruwan alwala da asuba ba tare da ta fita ba. Sayi jakar roba ta ruwan zafi a kantin magani, a naɗe ta da zane a sa mata a gwiwa, amma kada a sa ta a jikin jariri, fatarsa ba ta jurewa. Ƙara bargo, da safa, da katifa ko darduma mai kauri idan a ƙasa take kwana, domin siminti ne yake tsotse zafin jiki. Jariri kuwa hula da safa da jikin uwarsa sun ishe shi.

Ban so in rufe ƙofa ga wanda yake da gidan kansa a arewa, inda sanyin ya fi na nan cizo, ya kuma ƙudura sai ya yi murhun ɗaki. Wannan ya sani cewa bututun hayaƙi shi ne rabin aikin da rabin kuɗin. Dole ya fita ta rufi ya zarce shi da kusan mita guda, ya nisanci katakon rufi da silin da aƙalla santimita 45, jikin murhun kuma ya nisanci gado da labule da kusan mita guda, a kan dandamalin tubali. Ƙarfen ya kai kaurin milimita 3, kada a yi amfani da kwanon rufi ko bututun da aka shafe da tutiya, domin yana fitar da tururi mai cutarwa idan ya yi zafi. A bar kafar iska a buɗe kullum, a riƙa kankare kunkunniyar bututun, a kuma rataye na'urar da take ƙara idan gubar ta taru. A gidan haya, huda rufi kaɗai zai haɗa ka da maigida. Tukunyar gas ɗin nan ma ka bar ta, domin wadda ake ganin babu komai a cikinta takan riƙe ragowar da zai fashe da zarar wutar walda ta taɓa ta.

Duk wanda ya ji ciwon kai, jiri ko tashin zuciya a kusa da wuta, musamman idan mutum biyu suka ji tare, a fitar da kowa waje nan take, a buɗe ƙofofi, a kira 112 ko a garzaya asibiti, kada a tsaya ba shi madara ko manja.

Tambaya: Malam, itacen da nake saya hayaƙi kawai yake yi, idona har ya fara ciwo. Laifin murhu ne? Daga wata uwargida a Asawase.

Amsa: Uwargida, galibi laifin itacen ne. Ɗanyen itace kusan rabin nauyinsa ruwa ne, kuma ba ya ci da kyau sai ruwan ya sauko ƙasa da kashi 20 cikin 100. Ki ɗauki guda biyu ki buga su da juna: busasshe yana ƙara kuma bakinsa a tsattsage yake, ɗanye kuwa yana da nauyi, yana tsartuwa da kumfa idan ya ji wuta. Ki sa a faskara miki shi sirara, ki jera a kan duwatsu inda iskar hunturu za ta ratsa shi. Marke da kirya suna daɗewa suna ci, darbejiya ma ba laifi idan ta bushe. Guntayen katakon da ake samu wajen kafintoci a Sokoban suna da arha, amma ki ware masu fenti da falawud, saboda gam da maganin da suke ciki guba ne a hayaƙi, kuma ki daina hura wuta da leda ko roba. Idan ciwon idon bai lafa ba bayan hayaƙin ya ragu, ki je a duba miki shi a asibiti.