Ku Tambaya Mu Amsa: Malamin Jami'a da Bakinsa

Wasiƙun da suka iso wannan shafi a wannan wata sun fi karkata ga halin da jami'o'inmu suke ciki, don haka muka zaɓi uku da suka shafi dangantakar malamai da shugabanninsu.

Tambaya ta farko, daga wani malamin jami'a a Arewa maso Yamma:

Assalamu alaikum. Na rubuta maƙala a jarida ina sukar yadda shugaban jami'armu yake naɗa shugabannin sassa ba tare da jin ra'ayin malamai ba, sai ga takardar tuhuma daga ofishin magatakarda, wai na zubar da mutuncin jami'a. Abokan aikina da yawa suna goyon bayana a ɓoye, amma kowa yana tsoron a riƙe masa ƙarin girma. Shin ina da 'yancin faɗin abin da na faɗa?

Amsa:

Wa alaikumus salam, Malam. Kana da wannan 'yanci, muddin abin da ka rubuta gaskiya ne kuma ba ka tona wani sirrin da aiki ya ɗora maka amanarsa ba. Sashe na 39 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya ba kowane ɗan ƙasa damar bayyana ra'ayinsa, sashe na 36 kuma ya wajabta a saurari mutum kafin a yanke masa hukunci. Dokokin da suka kafa jami'o'in tarayya sun ƙara da cewa majalisar gudanarwa ce take da ikon korar malami, bayan an sanar da shi laifinsa an kuma ba shi damar kare kansa. Shugaban jami'a yana iya dakatar da kai na ɗan lokaci, amma ba shi da ikon sallamarka da sa hannunsa shi kaɗai.

Abin da ya same ka yana da tarihi mai tsawo, kuma ya kamata ka san shi domin ka gane inda kake tsaye. Bayan kisan ɗalibai a Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya a watan Mayun 1986, lokacin shugabancin Farfesa Ango Abdullahi, gwamnatin Janar Babangida ta kafa kwamitin bincike ƙarƙashin Janar Emmanuel Abisoye, kuma daga nan ne zargin nan ya bazu, cewa wasu malamai suna koyar da abin da ba a biya su su koyar ba. Da wannan zargi aka yi ta farautar masu tsage gaskiya. A 1987 aka kori Festus Iyayi, shugaban ƙungiyar malaman jami'o'i ta ASUU na lokacin, daga Jami'ar Benin. A 1988 aka tasa ƙeyar Dokta Patrick Wilmot, malamin nazarin zamantakewa a Zariya, zuwa Ingila, a shekarar ce kuma aka haramta ASUU. A 1989 aka sallami Dokta Yusufu Bala Usman daga sashen tarihi na Jami'ar Ahmadu Bello, sai da kotu ta mayar da shi. A zamanin Janar Abacha ma kantoman soja aka ɗora wa jami'ar ta Zariya a 1995, wato Manjo Janar Mamman Kontagora.

Mai karatu zai iya cewa ai wannan aikin soja ne. To a 2001, ana tsakiyar mulkin farar hula, hukumar Jami'ar Ilorin ta kori malamai 49 saboda sun shiga yajin aikin ƙasa, kuma sai a 2009 Kotun Ƙoli ta ba da umarnin a mayar da su a biya su haƙƙoƙinsu. Sun yi nasara, amma bayan shekara takwas ba albashi. Wannan ne abin da abokan aikinka suke hange idan suka yi shiru, kuma ba na ganin ya dace ka ɗauke su matsorata. A yau ba a cika aiko da motar 'yan sanda ƙofar malami ba. Abin da ake yi shi ne a ajiye takardunsa na ƙarin girma a aljihun tebur, a tsallake sunansa idan kuɗin asusun tallafa wa manyan makarantu, wato TETFund, na ƙaro karatu ko halartar taro ya zo, a hana shi hutun bincike. Babu wanda zai kira wannan hukunci, amma malami mai iyali ya san saƙon da aka aika masa, kuma a ganina wannan danniya ta fi ta da haɗari, domin ba ta barin shaidar da za a kai gaban alƙali.

Shawarata ita ce ka amsa takardar a rubuce cikin wa'adin da aka ba ka, da ladabi, ka nemi a nuna maka jimlar da aka ce ƙarya ce da kuma dokar da ka karya. Ka ajiye kwafin komai, ka sanar da shugaban reshen ƙungiyarku tun yanzu. Idan abin ya kai ga hukunci, Kotun Ma'aikata ta Ƙasa ce take sauraron irin wannan ƙara. Sannan ka roƙi masu goya maka baya a ɓoye su ɗaga maganar naɗin shugabannin sassa a taron tsangaya da na majalisar malamai, inda za a rubuta ta a kundin taro, domin ƙorafin da mutum goma suka sa wa hannu ya fi wuyar murƙushewa a kan na mutum ɗaya.

Tambaya ta biyu, daga wata uwa a Kano:

'Yata ta yi zaman gida wata takwas a 2022. Shin wannan 'yanci da malamai suke magana a kai ba hujjar shiga yajin aiki ba ce kawai?

Amsa:

Hajiya, ɓacin ranki yana kan hanya. Yajin aikin da aka fara ranar 14 ga Fabrairu aka janye ranar 14 ga Oktoba na 2022 ya cutar da 'ya'yan talakawa fiye da kowa, tun da masu hali sun kai nasu jami'o'in kuɗi ko ƙasashen waje. Sai dai abubuwa biyu ne aka cakuɗa. Akwai rigimar albashi da kuɗin gyaran jami'o'i, wadda ta samo asali daga yarjejeniyar da gwamnati ta ƙulla da ASUU a 2009 amma ba ta cika ba. Akwai kuma tambayar wane ne zai yanke abin da za a koyar, da wanda zai koyar, da wanda ya ci jarrabawa. Wannan ta biyun ta shafi 'yarki kai tsaye, domin malamin da yake tsoron shugabansa ba zai iya ƙin ƙara wa ɗan wani babba maki ba idan umarni ya zo daga sama, kuma takardar digirin 'yarki ce za ta rage daraja.

Ko rigimar IPPIS, tsarin biyan albashi daga Abuja, tana da wannan fuskar, domin ya sa jami'a ba ta iya ɗaukar malamin wucin gadi ko baƙon farfesa sai da sahalewar wani ofishi a wajenta. A Disambar 2023 majalisar zartarwa ta amince a cire jami'o'i daga tsarin. Duk da haka dole a faɗi gaskiya: malamin da yake sayar da maki, ko yake neman ɗalibai mata, ko yake ɓacewa rabin zango, ba shi da wata mafaka a ƙarƙashin wannan 'yanci, kuma duk lokacin da abokan aikinsa suka rufa masa asiri suna raunana hujjarsu a idon iyaye irinki.

Tambaya ta uku, daga wani ɗalibi a Sakkwato:

Wane ne yake naɗa shugaban jami'a, kuma me ya sa ake yawan rikici a kai?

Amsa:

Bisa gyaran dokar da aka yi a 2003, majalisar gudanarwa ce take naɗa shugaban jami'ar tarayya na wa'adi ɗaya na shekara biyar, bayan kwamitin da ya haɗa wakilanta da na majalisar malamai ya tantance masu nema, sannan ta sanar da shugaban ƙasa. Matsalar ita ce gwamnati ce take zaɓar shugaban majalisar gudanarwar da wakilanta na waje, kuma sau da yawa 'yan siyasa ne. A Agustan 2020 majalisar Jami'ar Legas ƙarƙashin Wale Babalakin ta tsige Farfesa Oluwatoyin Ogundipe, malamai suka ƙi amincewa, aka mayar da shi a Nuwamba. A Yunin 2023 gwamnati ta rushe majalisun dukkan jami'o'in tarayya alhali wa'adinsu bai ƙare ba, aka yi kusan shekara guda babu su. A Nuwambar 2024 aka soke naɗin shugaban Jami'ar Nnamdi Azikiwe, a Fabrairun 2025 kuma aka sauke Farfesa Aisha Maikudi ta Jami'ar Abuja, bayan farfesoshi da dama sun yi ƙorafi a kan yadda aka naɗa ta.

Abin da ya dame ni a nan shi ne, ko da malamai ne suke da gaskiya, fadar shugaban ƙasa suke rugawa neman a raba musu gardama, kuma kowane irin wannan kira yana ƙara wa gwamnati hujjar shiga harkar jami'a. Shugaban da ya san daga Abuja kujerarsa ta zo, can zai riƙa kallo kafin ya saurari malaman da suke shiga aji su koyar da kai.