Fuskar da ta baje bayan an shafa banish

Tambaya: Ni kafinta ne, kuma na fara gwada sassaƙa fuskar mutum a jikin katakon maɗaci, irin wadda take tasowa daga allon ba tare da ta rabu da shi ba. Kafin in goge ta tana kama da mai hoton, amma da na bi ta da samfefa na shafa banish sai ta baje, kamannin suka ɓace. Ina matsalar take? Daga wani mai karatu a Zariya.

Amsa: Malam, hannunka bai gaza ba, gugar da shafin ne suka cinye aikin. A irin wannan sassaƙa inuwa ce take fito da kamanni, domin kan mutum gaba ɗayansa ake matsewa cikin zurfin da sau da yawa bai wuce inci 1 ba. Dubi fuskar da ke jikin tsabar kuɗi: tudunta kaɗan ne, amma kowa yana gane mai ita saboda kaifin layukan. Samfefa tana dakushe gefen fatar ido, da kusurwar baki, da gindin hanci, wato wuraren da inuwa take kwanciya, sannan banish mai sheƙi ya zo ya watsa haske a inda ya kamata a ga duhu.

Saboda haka ka gama fuskar da cizal mai kaifin gaske, kana yanka sirara-sirara, kana bin jijiyar itacen. Maɗaci yana da murɗaɗɗiyar jijiya, don haka da zarar ka ji bakin cizal yana ɓantarar itacen maimakon ya yanka shi, sai ka juyo ta ɗaya ɓangaren. Ka riƙa jingine allon a tsaye kana haska shi da tocila daga gefe guda, domin abin da ido bai gani ba a kan benci a nan yake bayyana. Idan gugar ta zama dole, ka taƙaita ta ga kumatu da goshi, kuma kada ka mayar da cizal inda ka goge sai ka share wurin sarai, saboda yashin samfefa yana kashe kaifi.

Game da shafi, Tilman Riemenschneider, masassaƙin Jamus da ya rasu a 1531, ya bar ayyukansa da dama ba fenti, kuma a ganina hanyarsa ta fi dacewa da fuska. Sai dai ka yi hattara da shafa wa katakon mai, domin inda aka yanke jijiya a gicciye, kamar ƙarƙashin haɓa, yana shan mai fiye da sauran wurare, fuskar ta yi dabbare-dabbare. Ka fara da shalak (wani shafin katako mai kama da banish da ke saurin bushewa) mai ruwa-ruwa sau ɗaya, idan ya bushe ka murza kakin zuma da tsumma mai laushi.

Wanda ka riga ka shafa ma bai lalace ba. Ka kankare banish ɗin a hankali, ka sake fito da layin idanu da na baki, sannan ka shafe bayan allon kamar yadda ka shafe gabansa, don kada ya lanƙwashe idan hunturu ya shigo.