Lissafi mai zurfi ko na gama-gari: wanne zan zaɓa wa 'yata?

Tambaya: Assalamu alaikum. 'Yata tana da shekara 14, kuma za ta shiga manyan azuzuwan sakandare a zango mai zuwa. Makarantarsu ta aiko cewa mu zaɓa mata tsakanin lissafi na gama-gari da mai zurfi. Makinta a lissafi yakan tsaya tsakanin 70 da 75 cikin 100. Ita mai sauƙin take so, wai kada sakamakonta ya lalace, mahaifinta kuma ya dage sai mai zurfin. Yau ta ce injiniya za ta zama, gobe ta ce lauya. Ta yaya zan gane wanda ya dace da ita?

Amsa: Wa'alaikumus salam, Malama. Makin nan na 70 zuwa 75 shi kaɗai ba zai yanke miki hukunci ba. Yara biyu za su iya kawo maki iri ɗaya, ɗaya ya fahimci abin da yake yi sai dai yana kuskuren gaggawa, ɗayan kuma ya haddace hanyoyin da malami ya nuna a allo, ya zuba su a takarda, bayan mako uku sun tashi daga kansa. Na farkon zai ji daɗin lissafi mai zurfi. Na biyun zai fara nutsewa tun kafin a raba zangon farko, domin a can ana juya tambaya ta fito da fuskar da bai taɓa gani ba. Aikinki shi ne ki gano wacce ce 'yarki a cikin biyun, kuma ana iya gano hakan a zama ɗaya.

Kafin nan, ki tambayi makarantar abin da take nufi da "mai zurfi", don kowane tsarin jarrabawa da yadda ya raba nasa. A tsarin WAEC kowa yana yin lissafi na gama-gari, mai zurfin ƙari ne a kansa, darasi mai zaman kansa da ya ƙunshi kalkulas (lissafin yadda abubuwa ke canjawa) da lissafin motsin abubuwa da ƙididdiga. A jarrabawar IGCSE ta Cambridge darasin ɗaya ne amma matakinsa biyu, kuma wanda ya zauna ƙaramin matakin ba zai wuce sakamakon C ba ko da ya cinye tambayoyin duka. Haka jarrabawar GCSE ta Ingila take: ƙaramin mataki yana tsayawa a sakamakon 5, babban yana kaiwa 9, wanda shi ne mafi girma. A tsarin IB, wato manhajar ƙasa da ƙasa ta International Baccalaureate, babban mataki awa 240 ne na koyarwa, ƙaramin awa 150. Bambancin nan yana da nauyi. Idan ƙarin darasi ne, abin dubawa shi ne ko tana da lokaci da ƙarfin ɗaukar kaya biyu. Idan mataki ne mai rufi a sama, to zaɓen mai sauƙin ya sa wa sakamakonta iyaka tun kafin ta shiga ɗakin jarrabawa, wato ainihin abin da take gudu.

Ga gwajin. Ki zaunar da ita minti 30, ba kalkuleta, ba littafi, ba mai taya ta, kuma ki roƙe ta ta riƙa faɗin abin da take tunani da baki. Ba sai kin iya lissafi ba, ga amsoshin nan tare da kurakuran da za ki saurara.

Ki fara da 1/2 + 1/3. Amsar ita ce 5/6. Yaron da ya ce 2/5 ya haɗa na sama da na sama, na ƙasa da na ƙasa, kuma bai lura cewa 2/5 bai ma kai rabin da ya fara da shi ba. Wannan rashin lurar ya fi kuskuren kansa muni, domin yana nuna yaron bai ɗauki furakshan (lamba irin 1/2 ko 1/3) a matsayin adadi mai girma ba, lambobi biyu kawai yake gani da layi a tsakani. Sai ki ba ta 3 ÷ 1/2. Yara da yawa za su kawo 6, wadda ita ce amsar daidai, saboda sun haddace "juya ka ninka". Ki tambaye ta: ya aka yi muka raba, amma amsa ta fi abin da muka raba yawa? Idan ta ce ai tambayar ita ce rabi nawa ne a cikin uku, ta fahimta. Ki kuma tambaye ta wanne ya fi girma, 0.4 ko 0.35. Wanda ya ce 0.35 saboda 35 ta fi 4 yana da ramin da dole a cike.

Mun daɗe a kan furakshan ne saboda dalili. A shekarar 2012 Robert Siegler da abokan aikinsa sun wallafa binciken da ya bi bayanan ɗalibai a Amurka da Birtaniya, suka gano cewa iya furakshan da rabawa a ƙarshen firamare yana hasashen yadda yaro zai yi a aljabra bayan shekara biyar ko shida, ko da an cire tasirin basirarsa da iya karatunsa da ƙarfin gidansu. Dalilin a fili yake. Dokar da ke haɗa 1/2 da 1/3 ita ce ke haɗa 1/x da 1/y. Gangaren layi a kan giraf furakshan ne. Tirigonometiri, wato lissafin siffa mai kusurwa uku, kacokan gwada tsawon gefe ne da gefe. Yaron da ƙafarsa ba ta tsaya a nan ba zai riƙa tuntuɓe a kowane sabon babi, malami ya ɗauka sabon babin ne bai gane ba, alhali ciwon tsoho ne.

Daga nan ki wuce aljabra. Ki ba ta 3 − (−5), amsa 8. Sai 2(x + 3) = 14, amsa 4. Idan ta kawo 5.5, ta ninka x da 2 ta manta da 3 ɗin da ke cikin baka. Ki tambaye ta ko (a + b)² daidai yake da a² + b². Ba daidai ba ne, amma abin da muke so mu gani shi ne ko za ta gwada da kanta: ta sa 2 da 3, ta ga ɗaya ya ba da 25, ɗaya 13. Yarinyar da ke gwada amsarta ba tare da an ce ta yi ba, alama ce mai kyau ƙwarai. Ki ƙara mata wannan: an ƙara wa 100 kashi 20 cikin ɗari, sannan aka rage kashi 20 cikin ɗari, nawa ya rage? Amsa 96, ba 100 ba, don ragin daga 120 aka yi shi.

Na ƙarshe tambaya ce ta zance, kuma ita ce ta fi bambance yara: fili mai kusurwa huɗu, tsawonsa ya fi faɗinsa da mita 3, kewayensa mita 26, nawa ne faɗinsa? Ana so ta kira faɗin x, tsawon x + 3, ta isa ga 4x + 6 = 26, ta sami 5. Idan ta samu ta hanyar gwada lambobi ɗaya bayan ɗaya, kanta yana ja, amma ba ta riga ta saba da mayar da magana zuwa aljabra ba, kuma mai zurfin a kan wannan ya dogara.

Tambayoyi takwas ke nan. Idan ta ci bakwai ko takwas kuma tana iya bayanin dalili, ki sa ta a mai zurfi ko da tana ɗari-ɗari. Idan biyar ko shida ne, kuma kurakuran na sakaci ne da take ganowa da zarar an ce ta sake dubawa, har yanzu mai zurfin ne, sai dai a yi amfani da hutu a gyara: minti 20 zuwa 30 kullum, kwana biyar a mako, na tsawon mako shida, a kan furakshan da lambobin ƙasa da sifili da buɗe baka kawai. Wannan ya fi zaman awa uku sau ɗaya a mako amfani nesa ba kusa ba. Idan kuwa ƙasa da biyar ne, musamman idan furakshan ne ya kayar da ita, to na gama-gari ya fi mata a yanzu, a yi shi da kyau har ta ƙware.

Dalilin da ya sa muke karkata ga mai zurfi idan aka yi kunnen doki shi ne, hanyoyin biyu ba daidai suke wajen komowa ba. Sauka daga mai zurfi zuwa na gama-gari abu ne mai sauƙi, yarinya za ta tarar ta riga ta wuce 'yan ajin. Hawa kuwa bayan zango biyu yana da wuya, don an yi mata nisa da babuka da dama kuma kowanne yana kan na bayansa. Tunda 'yarki ba ta tsayar da shawara tsakanin injiniyanci da lauyanci ba, wanda a shekara 14 ba abin mamaki ba ne, gara ta riƙe hanyar da ba ta rufe mata ko ɗaya. Mai karatun lauya cin lissafi na gama-gari yakan ishe shi. Injiniyanci da fiziks da kimiyyar kwamfuta da tattalin arziki kuwa duk suna tsaye a kan kalkulas. A wasu ƙasashen lissafi mai zurfi sharaɗi ne na shiga waɗannan fannoni, a wasu ba sharaɗi ba ne, amma ɗalibin da bai taɓa ganinsa ba yakan sha wuya a shekararsa ta farko a jami'a. Ki duba sharuɗɗan jami'o'i biyu ko uku da kuke tunani, a shafinsu na intanet, tun yanzu.

Ga mahaifinta kuma, akwai abin da ya kamata ya ji. Tura yaro gaba ba tare da shiri ba yana da illa, kuma an gwada an gani. Wasu yankunan Amurka, ciki har da jihar Kalifoniya, sun taɓa matsa wa yara su fara aljabra tun a aji na takwas, binciken da ya biyo baya kuma ya nuna cewa yaran da ba su shirya ba sakamakonsu baya ya yi. Sauri ya haifi nawa. Abin da ya fi ba mu tausayi shi ne yaron da ya shekara biyu yana zaune a aji bai gane komai ba, ya fita da imanin cewa shi ba shi da kan lissafi, alhali wata biyu na gyaran furakshan ne kawai ya rasa.

Tsoron 'yarki ma kada a yi watsi da shi, amma a tambaye ta asalinsa. Sau da yawa yara mata masu ƙoƙari sukan raina iyawarsu a lissafi fiye da yadda makinsu ya nuna. Idan ta ci gwajin nan, ki nuna mata takardar ta gani da idonta. Ki kuma gaya mata tun wuri cewa makinta zai iya sauka zuwa sittin da wani abu a zangon farko, kuma ba za a yi mata faɗa ba.

Sai ki nemi ganin malamin da ya koyar da ita bara. Kada ki tambaye shi ko tana da ƙoƙari, kowa zai ce e. Ki tambaye shi me take yi idan ta gamu da tambayar da ba a yi irinta a aji ba: takan gwada wata hanya ne ko takan ajiye alƙalami? Ki tambayi makarantar wa zai koyar da mai zurfin, sau nawa a mako, kuma ko sun saba gama manhajar kafin jarrabawa. Darasi mai zurfi da ake yi sau ɗaya a mako, a ƙarshen yini, ba zai haifar da abin da kuke nema ba. Sannan ki nemi sanin ranar ƙarshe da ake yarda yaro ya canja, da ranar da ake rufe rajistar jarrabawa.

Idan ta shiga mai zurfin, ku ba ta mako shida zuwa takwas kafin ku sake zama. A lokacin kada ki tsaya kan maki kaɗai. Ki duba ko tana iya fara aikin gida da kanta, ko da za ta maƙale a tsakiya. Ki duba tsawon lokacin da yake ɗaukar ta: minti 45 zuwa awa ɗaya ba laifi, amma awa biyu kullum har sauran darussa suna lalacewa alama ce ta kaya ya yi nauyi. Ki karɓi takardun gwajinta ki ga inda jan biro ya fi yawa. Idan a sabon darasin ne, wannan wahalar koyo ce, takan wuce. Idan kuwa ta fara aikin daidai sai ta faɗi a wajen haɗa furakshan ko alamar ɗebewa, to a koma gyaran nan na minti 20 kullum, a ƙara mata mako huɗu, idan bai canja ba a mayar da ita na gama-gari kafin a rufe rajista.