Amsa daga zangon Kumasi: yadda rogo da agada suka sauya mana cefane

Malam, ka tambaya ko gaskiya ne Hausawan Kumasi ta ƙasar Gana sun bar tuwo sun koma cin abincin Asante, wato 'yan asalin garin, kuma me hakan ya yi wa zaman gida. Tuwo yana nan, amma abin da ƙasar ke nomawa shi ke hawa murhu, kuma ya taɓa abubuwa da yawa.

A wajenku, can ƙasar Hausa, maigida kan cika rumbu, ko ya sauke buhunan dawa da gero da kaka, a yi ta ci har wata kakar. Nan kurmi ne. Damina biyu muke yi, babba daga Afrilu zuwa Yuli, ƙarama daga Satumba zuwa Nuwamba, kuma laima ba ta barin abinci ya daɗe. Rogo in an tone shi, kwana biyu zuwa uku ya fara baƙi a ciki. Ɗanyar agada, wato babbar ayabar da ake dafawa, cikin mako ta nuna, ta tashi daga kayan daka ta koma ta suya. Garin masara in an niƙa da yawa sai ya dunƙule ya yi hunhuna. Shi ya sa a unguwanninmu na Aboabo da Asawase maigida kuɗi yake ajiyewa kowace safiya, uwargida ko 'yarta ta shiga kasuwa. Wannan yana cikin dalilan da suka sa kulle bai yi ƙarfi a nan kamar a Kano ko Damagaram ba, kuma sanin farashi da awo ya koma hannun mata.

Tuwonmu, wanda duk Gana ke kira tuwo zafi, na masara ne, mai zuwa daga Techiman da Ejura, a auna ta da gwangwanin da ake kira olonka. Ana jiƙa ɗan gari ya kwana don ruwan ya yi tsami, da wannan ruwan ake talge. In talgen ya dahu sai a ɗebe kusan kashi ɗaya cikin uku a ajiye, a zuba busasshen gari a sauran ana tuƙawa, ana mayar da wanda aka ɗebe kaɗan-kaɗan. Garin rogo shi ne na ƙarshe, kashi ɗaya a kan uku na masara. In ya yi yawa tuwon ya yi danƙo ya manne a hannu, in an zuba shi tun farko ya yi gudaji. Ya fi naku laushi nesa ba kusa ba, kuma da zafinsa ake ci, don ɗumamensa ba ya kama jiki. Miyar ayoyo ce, wato lalo, da ɗan kanwa, a ɗora jar miya a kai.

Fufu kuwa aikin mutum biyu ne. A dafa rogo kashi biyu da ɗanyar agada kashi ɗaya, a fara daka agadar ita kaɗai har ta yi sumul, sannan rogon bayan an zare jijiyar tsakiyarsa, sannan a haɗa. Ɗaya yana tsaye da doguwar taɓarya, ɗaya na zaune yana juyawa da jiƙaƙƙen hannu, kuma in suka saɓa, yatsa ne zai biya. Daka a nan ba na mata kaɗai ba ne, samari ake kira, abin da zai ba ka mamaki. A gidajen haya masu ɗakuna da yawa turmi ɗaya ke zagayawa, sai a yi layi da la'asar. Yanzu injin daka ya shigo unguwanni, amma tsofaffi suna cewa nasa ba ya ƙoshi.

Mun karɓi kontomire, ganyen gwaza, da manja da miyar kwakwar manja. Ganyen in bai dahu sosai ba yana ƙaiƙayin maƙogwaro. Inda muke taka-tsantsan shi ne nama: a wasu gidajen abinci na gari akan sa ƙafar alade ko naman dajin da ba a yanka ba, don haka ɗan zango wajen mahautanmu yake saye, kuma yana tambaya kafin ya zauna cin abinci a waje.

Su ma maƙwabta daga hannunmu suke karyawa. Waakye shinkafa da wake ce, a dafa da karan dafi da kanwa har ta yi ja, kuma matan zango ne suka yi suna da ita, haka koko da ƙosai. Gidaje da yawa ba sa hura wuta da safe, saye ake yi a ƙofar gida, kuma wannan sana'a ta biya kuɗin makarantar yara masu yawa. A suna da biki, waakye da tuwo zafi ne ke cika kwanuka.

Gero daga arewa yake saukowa, wajen Bawku da Tamale, ya fi masara tsada, shi ya sa ake tanadinsa don koko da fura, musamman da azumi. In za ka zo, tsarabar kuka da daddawa da busasshiyar kuɓewa tana da daraja, amma ka sa su a kwalba mai murfi, don a leda laima kan ɓata su kafin damina ta fita.